Daga Yamai zuwa Jidda ko Gwanzu: yadda ake auna nisan tafiyar jirgi da awannin da za ta ci

Maniyyaci ne ko ɗan kasuwa, da zarar an gama maganar kuɗin tikiti sai ya ce: to, awa nawa ne? Amsar ba ɗaya ba ce. Nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu daban, lokacin da jirgi ke yi daga tashi zuwa sauka daban, lokacin da mutum zai kwashe daga ƙofar gidansa a Tawa ko Yamai har ya ajiye jaka a masauki shi ma daban. Na ƙarshen nan shi ke taɓa jiki da aljihu, kuma shi ne ba a rubutawa a tikiti. Duk mai waya da na'urar lissafi a cikinta zai iya fitar da su ukun da kansa, kuma ya kamata ya yi hakan kafin ya biya, ba bayan ya biya ba.

Fara da filin jirgi, ba da sunan gari ba

Kowane filin jirgi yana da lakabi na baƙaƙe uku, shi ake bugawa a tikiti da kuma takardar da ake liƙa wa jaka. Filin Diori Hamani na Yamai NIM ne. Na Tawa THZ. Jidda JED, Madina MED, Adis Ababa ADD, Kasabalanka CMN, Gwanzu ta ƙasar Sin kuwa CAN. Da waɗannan baƙaƙe za ka yi bincike, domin wasu birane filinsu ya fi ɗaya. Istambul tana da IST a ɓangaren Turai da SAW a ɓangaren Asiya, mashigin ruwa da cunkoson birni guda a tsakaninsu. Paris tana da CDG da ORY. Idan tikiti ya ce ka sauka a ɗaya ka tashi daga ɗayan, to wannan ba jira ba ne, wata tafiya ce ta mota da kaya a hannu, kuma sai da izinin shiga ƙasar.

Nisan

Duniya dunƙulalliya ce, taswirar da ke bangon makaranta kuwa shimfiɗaɗɗiya. Layin da ka ja da rula a kan taswira ba shi ne hanya mafi kusa ba. Kifa ƙwarya, ka ɗora zare daga wani ɗigo zuwa wani ka ja shi ya miƙe: inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya, kuma ita ce shafukan intanet ke ba ka idan ka tambaye su nisan filaye biyu.

Abu biyu ake bukata game da kowane fili: digirinsa na arewa, wato yadda ya nisanci layin da ya raba duniya biyu a tsakiya, da digirinsa na gabas, wato yadda ya nisanci layin Girinwic da ya ratsa Ingila. Taswirar waya tana nuna su idan ka danna wurin ka riƙe. Ga na filayen da mutanenmu suka fi bi:

Yamai: 13.48 arewa, 2.18 gabas
Jidda: 21.68 arewa, 39.16 gabas
Adis Ababa: 8.98 arewa, 38.80 gabas
Istambul: 41.26 arewa, 28.74 gabas
Gwanzu: 23.39 arewa, 113.30 gabas

Juya wayarka a kwance, na'urar lissafi za ta fito da maɓallan sin da cos. Tabbatar tana kan digiri, alamar Deg, ba Rad ba. Nan ne mutane suka fi ɓata lissafi. Mu gwada Yamai zuwa Jidda.

Da farko ka ninka sin na arewar Yamai da sin na arewar Jidda: 0.2331 sau 0.3694, ya ba da 0.0861. Ajiye shi gefe. Sai ka cire gabashin Yamai daga gabashin Jidda: 39.16 a ɗebe 2.18, saura 36.98. Yanzu ninka abu uku, cos na 13.48, cos na 21.68, da cos na 36.98, wato 0.9725 sau 0.9293 sau 0.7988, ya ba da 0.7219. Haɗa shi da wanda ka ajiye, ka sami 0.8080. Danna maɓallin da ke mayar da cos zuwa digiri, wanda aka rubuta cos⁻¹ a kansa, za ka ga 36.1. Kowane digiri ɗaya a bayan ƙasa kilomita 111.2 ne, domin kewayen duniya wajen kilomita 40,000 ne aka raba gida 360. Saboda haka 36.1 sau 111.2, kusan kilomita 4,010.

Idan ka bi wannan hanya da sauran filayen za ka ga wani abu mai sauƙaƙa wa ɗan Yamai lissafi: Adis Ababa wajen kilomita 4,020 ce, Istambul ita ma wajen 4,020, Paris 3,950. Wato manyan ƙofofin da muke fita duniya ta cikinsu, in ban da Kasabalanka da ke kilomita 2,420, duk kusan tafiyar kilomita dubu huɗu ce daga Yamai. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya riƙe rabin darasin.

Gwanzu kuwa bambancin gabas ɗinta da Yamai ya kai digiri 111.12, ya wuce 90, don haka cos ɗinsa zai fito da alamar ragi. Kada ka goge alamar, haka lissafin yake so. Za ka sami digiri 103.2, kusan kilomita 11,480. Gajeriyar hanyar ba ta miƙe gabas sak ba: tana hawa arewa ta Masar, arewacin Saudiyya, Iran da Pakistan, har wajen digiri 31, sannan ta gangaro kudancin Sin. Shi ya sa wanda ya bi ta Istambul bai yi zagayen da taswira ke nunawa ba. Yamai zuwa Istambul zuwa Gwanzu kusan kilomita 11,900 ne, ta Adis Ababa kuwa kusan 12,060. Bambancin bai kai a zaɓi hanya saboda shi ba.

Kurakurai uku ne ke lalata wannan lissafi. Na ɗaya, ɗaukar 13°29′ a matsayin 13.29, digiri minti 60 ne, sai ka raba 29 da 60 ka sami 0.48. Na biyu, filin da ke yamma da Girinwic, kamar Kasabalanka mai 7.59 yamma, ba cirewa ake yi ba, haɗawa ake yi da 2.18 na Yamai. Filin da ke kudu da tsakiyar duniya kuma ana sa wa lambarsa alamar ragi. Na uku ba a lissafi yake ba, a karatu yake: wasu shafuka da mil suke ba da nisa. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na teku da matuƙa ke aiki da shi kilomita 1.852. Idan ka ga 2,166 tsakanin Yamai da Jidda, mil na teku ne, ba wata gajeriyar hanya aka gano ba. A kula kuma da yadda shafukan Faransanci ke rubuta lamba: waƙafi suke sawa inda a nan aka sa ɗigo.

Daga kilomita zuwa awa

Jirgin fasinja idan ya kai samansa, tsakanin mita 10,000 da 12,000, yana gudun kilomita 830 zuwa 900 a awa. Masu layin kujeru da hanya ɗaya a tsakiya, irin Boeing 737 da Airbus A320, suna wajen 830. Manya masu hanya biyu, irin Boeing 787 da Airbus A350, suna kusantar 900. Amma jirgi ba ya fara gudun nan daga ƙofa. Sai an tura shi baya, ya yi tafiyar ƙasa zuwa titin tashi, ya jira izini, ya hau a hankali. A can ma ya rage gudu, ya bi layi, ya sauka, ya gangara wurin tsayawa. Lokacin da ke kan tikiti daga barin wurin tsayawa ne zuwa isa wurin tsayawa, ba daga ɗagawa zuwa taɓa ƙasa ba.

Dabarar da ke aiki ita ce ka raba nisan da gudun jirgin, ka ƙara minti 35 zuwa 45. Yamai zuwa Jidda: 4,010 a raba da 830, awa 4 da minti 50; da ƙarin, wajen awa biyar da rabi. Adis Ababa zuwa Gwanzu, kilomita 8,040 a babban jirgi mai gudun 880: awa 9 da minti 10, da ƙarin, kusan awa goma. A lura, idan na'ura ta nuna 4.83, ba awa 4 da minti 83 ba ne, ninka 0.83 da 60.

Wannan lissafi yana ɗaukar cewa jirgi zai bi zaren nan sak, alhali ba ya bi. Sama tana da hanyoyi da aka shata, kuma kowace ƙasa ita ke da ikon sararinta. A yankinmu hukumar ASECNA ce ke jagorantar jirage. Gajeriyar hanyar Yamai zuwa Jidda ta arewacin Cadi take ratsawa, ta shiga arewacin Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da yawa ke kauce wa sararinta, kuma kaucewa tana nufin ƙarin hanya. Mu ma a nan mun ga irinsa: da aka rufe sararin Nijar a watan Agustan 2023, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka riƙa zagaye. Abin da za ka riƙe shi ne, duk kilomita 140 da aka ƙara wa hanya, minti goma ne. Idan lokacin da ke tikitinka ya zarce lissafinka da awa guda, kada ka ce an yi kuskure. Mai yiwuwa zagayen ke nan.

Sai iska. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ta fi tsanani a lokacin sanyi, gudunta kan wuce kilomita 200 a awa. Jirgin da ke zuwa gabas tana tura shi, mai dawowa yamma tana tare shi. Shi ya sa dawowa daga Sin takan fi zuwa tsawo, wani lokaci da awa guda, a hanya ɗaya da jirgi ɗaya. A sararinmu na kusa da tsakiyar duniya abin yakan juya da damina, iskar sama ta riƙa fitowa daga gabas. Don haka kada ka ɗauki awannin zuwa ka ce su ne na dawowa. Duba kowanne da kansa.

Agogo: nan ne ake yawan faɗawa rami

Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, lokacin garin da abin zai faru ne. Tashi da agogon garin tashi, sauka da agogon garin sauka. Wanda ya cire wannan daga wancan kai tsaye zai sami amsar da ba ta da gaskiya.

Agogon Nijar yana gaba da agogon duniya, wanda ake kira GMT ko UTC, da awa 1, kuma ba ya canzawa rani da damina. Saudiyya, Habasha da Turkiyya suna gaba da awa 3, wato sun riga mu da awa biyu. Dubai awa 4, ta riga mu da uku. Sin awa 8, ta riga mu da bakwai, kuma duk faɗin ƙasar agogo ɗaya ne. Biyu ne ke da rikici. Faransa agogonta ɗaya da namu a lokacin sanyinsu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gaba da mu da awa guda. Maroko kuwa ba kullum agogonta ke daidai da namu ba: a watan azumi tana bayanmu da awa guda. Mai zuwa Umara ta Kasabalanka ya lura da wannan.

Hanya mafi aminci ita ce ka mayar da komai agogon Nijar kafin ka cire. Mu ɗauka jirgi ya tashi Yamai 22:00, tikiti ya ce zai sauka Jidda 05:30. A ido awa bakwai da rabi ne. Amma 05:30 na Jidda 03:30 ne a Nijar, don haka awa biyar da rabi ne. A dawowa, a ce ya tashi Jidda 09:00 ya sauka Yamai 12:45. A ido ko awa huɗu bai cika ba. Amma 09:00 na Jidda 07:00 ne a nan, tafiyar awa biyar da minti 45 ce. Zuwa gabas ana cire bambancin, dawowa yamma ana ƙara shi.

Ga misalin doguwar tafiya mai eskal, wato tsayawa a wani gari a canza jirgi. Lokutan na gwaji ne, naka tikitin shi za ka bi. Tashi Yamai ranar Talata 13:00. Sauka Adis Ababa 20:30, wato 18:30 agogonmu: awa biyar da rabi. Tashi Adis Ababa 00:30, wato 22:30 agogonmu: jiran awa huɗu. Sauka Gwanzu ranar Laraba 15:30, wato 08:30 na safiyar Laraba a Nijar: awa goma. Jimla awa 19 da rabi, 15 da rabi a jirgi, huɗu a zaune. Wanda bai mayar da agogo ba zai ce awa 26 da rabi ne.

Alamar +1 kusa da lokacin sauka tana nufin washegari. Lokacin da ya fi cin mutane kuwa shi ne na bayan sha biyun dare. Idan tikitin dawowa ya ce Asabar 00:30, to daren Juma'a za ka tafi filin jirgi, da misalin ƙarfe tara. Wanda ya bari sai daren Asabar ya zo, jirginsa ya tashi tun jiya, kuma a yawancin tikitoci rashin zuwa zango ɗaya yana soke sauran zangunan da ke bayansa. Wani abu kuma ga mai kwana a Adis Ababa: mutanen gari daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, ƙarfe ɗayansu shi ne bakwai na safe. Filin jirgi da tikiti ba sa bin wannan, amma direban tasi yana iya bi, sai ka nuna masa lambar a rubuce.

Eskal

Babu jirgin fasinja na yau da kullum da ke tashi Yamai ya sauka Gwanzu ba tsayawa. Jidda ma, in ba jigilar alhazai ba, wadda hukumar Hajji da Umara ta Nijar, COHO, ke tsarawa, galibi sai an bi ta wani gari. A nan nisan hanya yana da tasiri sosai, ba kamar tafiyar Sin ba. Kai tsaye kilomita 4,010. Ta Adis Ababa 5,430. Ta Istambul wajen 6,400. Ta Kasabalanka wajen 7,170, domin sai ka yi arewa maso yamma tukuna ka juyo gabas. Ga tsoho ko mai ciwon ƙafa, bambancin awa biyar da rabi da awa tara ko goma a kujera, ban da jira, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya cancanci a auna shi da rangwamen da aka samu a kuɗin tikiti.

Ka tambayi mai sayar da tikiti abu uku, ka sa ya nuna maka a takarda. Shin jirgin zai ya da zango a wani gari kafin ya kai inda za ka canza? Wasu jiragen da ke zuwa Yamai sukan haɗa ta da wani birni na maƙwabta, kamar Wagadugu, lambar jirgi ɗaya, fasinja na zaune a ciki ana sauke wasu ana ɗaukar wasu. Wannan kan ci awa ɗaya zuwa biyu, kuma sau da yawa ba ya fitowa fili a tikiti. Idan ka ga zangon kilomita dubu huɗu an ba shi awa bakwai ko takwas, to akwai tsayawa a ciki. Na biyu, duka zangunan a tikiti ɗaya suke? Idan ɗaya ne, jakarka za ta wuce har ƙarshe, kuma in jirgin farko ya makara kamfani ne zai nema maka wani. Idan tikiti biyu ne aka haɗa maka don arha, kai za ka ɗauki jaka, ka fita, ka sake awo, wataƙila da bukatar biza, kuma in ka rasa na biyun asararka ce. Na uku, awa nawa ne jiran?

A ganinmu jiran da bai kai awa biyu ba a babban fili irin na Istambul ganganci ne ga wanda bai saba ba: tafiyar ƙafa daga wata ƙofa zuwa wata tana da tsawo, akwai sake binciken kaya, kuma ana rufe ƙofar shiga jirgi minti 15 zuwa 20 kafin lokacin da ke tikiti. Awa uku zuwa biyar shi ne daidai. In ya wuce takwas, tambaya ko kamfanin yana ba da masauki, kuma a rubuta maka.

Abin da yanayinmu ke ƙarawa

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe gari har matuƙi ya kasa hango titin sauka. Jirgin da zai ɗauke ka yana iya jinkiri, ko ya wuce wani gari ya jira. Daga Yuni zuwa Satumba hadari ne mai tahowa da guguwar ƙura a gabansa, yawanci da yamma ko cikin dare. Ba ya daɗewa, amma ba a tashi ko sauka a cikinsa. A Afrilu da Mayu, zafin da ya haura digiri 40 yana sa iska ta yi sako-sako, fiffike da inji ba sa samun abin da suka saba, sai a rage wa jirgi nauyi, wani lokaci jakunkuna su biyo baya. Saboda haka a waɗannan watanni a ƙara wa jiran eskal awa guda, kuma magani, takardu, caja da tufafi na kwana ɗaya su kasance a jakar hannu.

Daga ƙofar gida

Yanzu a haɗa komai ga mutumin Tawa mai zuwa Gwanzu. Daga Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni, Dogonduci da Doso wajen kilomita 550 ne. A kar, da tsayawar salla da cin abinci da shingayen jami'an tsaro, ka ware awa tara zuwa goma. Filin Diori Hamani yana bakin hanyar Doso, kafin a shiga tsakiyar gari, wannan kan sa wasu su ce za su taso da asuba su zarce filin kai tsaye. Kada a yi haka. Taya ɗaya ta fashe a hanya, tikitin dubban ɗaruruwan sefa ya tafi. A kwana a Yamai.

Ana son matafiyi ya isa fili awa uku kafin tashi, kuma galibi ana rufe awon kaya awa guda kafin lokaci. Fasfo, biza da katin rigakafin shawara su kasance a hannu, ba a cikin jakar da za a auna ba. A can kuma, bayan sauka, ka ware awa ɗaya da rabi na jami'an shige da fice, jiran jaka da duwan, da wata awa guda zuwa masauki, domin filin Gwanzu yana wajen kilomita 30 arewa da tsakiyar birni.

Da misalinmu na ɗazu: barin Tawa Litinin 05:00, tashi Yamai Talata 13:00, sauka Laraba 08:30 agogon Nijar, isa masauki wajen 11:00 agogon Nijar, wato 18:00 a can. Awa 54 ke nan, jirgi bai ci ko kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan lambar ce za ka gaya wa iyali, da ita za ka ƙirga guzuri da ƙwayoyin magani, da ita kuma za ka sa ranar ganawa da mai kaya. Kada ka sa ciniki mai nauyi a safiyar farko: ƙarfe tara na safe a Gwanzu ƙarfe biyun dare ne a jikinka, kuma jiki yakan ɗauki kwanaki kafin ya bi sabon agogo.

Ga maniyyaci lissafin ya fi gajarta a sama, amma ya fi tsawo a ƙasa. A lokacin aikin Hajji jira a sansani kafin tashi da jira a filin Jidda ko Madina bayan sauka kan wuce awannin jirgin kansu, saboda yawan jama'a. Tsofaffi su ci abinci, su sha ruwa, su riƙe abin taunawa.

Salla, azumi, harama da magani

Rana tana tsallake digiri 15 na gabas a kowace awa. Tsakanin Yamai da Jidda digiri 37 ne, wato rana tana fitowa a can kusan awa biyu da rabi kafin nan. Mai tafiya gabas yininsa ko darensa gajarta yake yi, mai dawowa yamma nasa tsawo yake ƙarawa. Jirgin da ya tashi Yamai da hantsi zai iya shiga azahar da la'asar kusa da juna, ya sauka an yi magariba. Mai azumi kada ya sha ruwa da agogon Yamai ko na garin da zai sauka, faɗuwar rana a inda jirgin yake ita ce abin lura, kuma daga sama ana ganin rana bayan ta ɓace wa na ƙasa. Hukuncin haɗa salla da ajiye azumi a tafiya kuwa, a tambayi malami tun a gida.

Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye ya san cewa jirgi zai daidaita da miƙati kafin ya sauka, a ƙarshen tafiyar. Ma'aikatan jiragen alhazai sukan yi sanarwa, amma a gudun kilomita 14 a minti ɗaya babu lokacin bin layin ban ɗaki don canza tufafi. A ɗaura harama tun a Yamai ko a garin eskal, a bar niyya sai lokacinta. Ka duba lokacin sauka, ka zauna cikin shiri tun saura awa guda. Wanda zai fara sauka Madina ba shi da wannan gaggawa, a Zul-Hulaifa zai ɗauki harama ranar da zai nufi Makka.

Mai shan magani a kan lokaci, musamman na ciwon suga ko hawan jini, ya bar agogon hannu ɗaya a lokacin Nijar har ya isa, domin waya da kanta take sauya lokaci da ta kama layin wata ƙasa. Tazarar da ke tsakanin sha da sha ita ce abin kiyayewa, ba lambar da agogon bango ke nunawa ba. Idan bambancin ya kai awa bakwai kamar na Sin, a je wa likita da tikitin a hannu kafin tafiya, ya tsara yadda za a matsar da lokacin a hankali.

Wanda zai tarbe ka, aika masa hoton tikitin, lambar jirgin zangon ƙarshe, da rana da lokacin sauka a agogon garinsa. Da lambar jirgin zai iya bin sa a waya ya ga ko ya makara. A dawowa kuma, kada a sayi tikitin kar na Tawa na ranar da za a sauka Yamai: jirgi kan makara, jaka kan biyo jirgin gobe ko na jibi, kuma sai kana gari za ka je fili ka karɓe ta da takardar da aka liƙa maka a bayan tikiti lokacin awo.